Tsakanin Hayar Photoshop da Manhajar Kyauta

A watan Mayun 2013 kamfanin Adobe na Amurka ya sanar da cewa zai daina sayar da sababbin fitowar Photoshop irin sayarwar da aka saba, wadda mutum zai biya sau ɗaya ya ɗauki abinsa ya yi gaba. Daga nan sai haya. Kowane wata ka biya, ranar da ka daina kuwa manhajar ta ƙi buɗuwa. Photoshop CS6 da ta fito a 2012 ita ce ta ƙarshe da aka mallaka wa mai saye. Lightroom, ƙanwarta da aka yi domin masu ɗaukar hoto zalla, ita ma ta bi sahu bayan fitowarta ta shida a 2015. Tun daga lokacin masu hoto suka rabu gida biyu. Wasu na cewa a biya a huta. Wasu na cewa wane dalili zai sa a yi ta zubar da dala alhali ga manhajojin kyauta nan birjik.

Da a ce masu sana'ar hoto kaɗai abin ya shafa, da sai a bar su su ƙarata. To amma yau wa ba ya ɗaukar hoto? Mai zagaya gidajen biki da kyamara a wuya, da matar da ke tallan atamfa da turaren wuta a WhatsApp, da uban da ke tara hotunan 'ya'yansa na Sallah, duk sukan wayi gari da hoton da ya yi duhu, ko ya karkace, ko launinsa ya gudu. Kowannensu kuma sai ya tambaya: da me zan gyara?

Masu cewa a biya, mafi yawansu mutanen da hoto ke ciyar da su ne, kuma hujjarsu ta farko lokaci ce. Biki ɗaya, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa dina, yana iya barin mai hoto da ɗaruruwan hotuna, wani lokaci ma sama da dubu, ga dangin amarya suna ta kira tun ba a kwashe kujeru ba. Wanda zai buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya gyara, sai wani bikin ya riske shi bai gama ba. Domin irin wannan aka yi Lightroom, wadda ta fito a 2007. Mutum zai zauna ya tace, ya ware na kirki, ya fid da waɗanda aka ƙifta ido a ciki, ya gyara guda ɗaya cikin waɗanda aka ɗauka a ɗaki ɗaya da haske ɗaya, sannan ya shafa wa sauran hamsin ɗin wannan gyaran a lokaci guda. Duk abin da ya yi kuma asalin hoton na nan ba a taɓa shi ba. Umarnin kawai manhajar ke rubutawa a gefe, ko bayan shekara ya ga dama ya warware.

Sai batun ɗanyen hoto, wanda kyamarori ke kira RAW. Hoton JPEG da muka saba turawa juna ya riga ya dahu: kyamara ta yanke hukunci kan haske da launi, ta zubar da sauran bayanai, ta bar mataki 256 kacal tsakanin duhu da haske a kowane launi. Shi kuwa RAW yana riƙe da mataki 4,096, a wasu kyamarorin ma 16,384. Duk mai hoton da ya taɓa ɗaukar ango ya san amfanin wannan tazara. Ga farar shadda mai sheƙi, ga rana tsaka, ga baƙar fuska a inuwar hula. In ka bi fuskar, rigar ta ƙone ta zama fari fat, aikin wuyan da aka kashe wa kuɗi ya ɓace. In ka bi rigar, fuskar ta nutse. Da RAW ana iya ceto duka biyun. Masu biya suna cewa a nan ne kuɗinsu ke yi musu rana, domin a 'yan shekarun nan Lightroom ta koyi gane mutum a cikin hoto da kanta, ta ware fuskarsa daban, tufafinsa daban, a haskaka wannan a rage wancan, aikin da a da sai an bi shi da hannu a hankali. Tana kuma share ƙurar da ke cika hoton da aka ɗauka da dare a ɗakin taro mai ƙarancin fitila.

Suna da wata hujjar da ba ta shafi ƙarfin manhajar ba sam. Photoshop ta fito tun 1990, daga hannun wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, kuma ta daɗe da zama harshen da masu sana'ar ke ji. In ka maƙale, darussanta sun cika YouTube. In ka kai aiki wurin masu wanke hoto ko masu haɗa albam, ita za ka tarar. Yaron da ya koyi aiki da ita, duk situdiyon da ya shiga zai iya zama ya kama aiki ranar. Game da kuɗi ma suna da abin faɗa: CS6 dala 699 aka sayar da ita, Lightroom ta ƙarshe dala 149. Da Adobe ya haɗa su biyun a kan dala 9.99 a wata a ƙarshen 2013, wanda bai taɓa mafarkin mallakar ta gaskiya ba ya samu hanya. Araha ba ta ado, in ji su, wanda yake son aiki mai kyau ya sayi kayan aiki mai kyau.

Ɗaya ɓangaren sukan amsa da nasu karin maganar: kayan aro ba ya rufe katara. Kuma sukan fara ne da lissafi, wanda a Najeriya yake da zafi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, a cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Ke nan idan aka ɗauki dala goma a matsayin ma'auni, abin da bai kai naira dubu biyar ba ya koma dubu goma sha biyar, ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. A shekara dubu ɗari da tamanin, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 yake dubu saba'in. Sannan a farkon 2025 Adobe da kansa ya rufe wannan tsari mai sauƙi ga sababbin shiga, aka bar mai son Photoshop da Lightroom a haɗe da na kusan dala ashirin a farashin Amurka. Ko kana da kuɗin ma, biyan wani aiki ne. A 2022 bankunan Najeriya sun taƙaita abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala ashirin a wata, daga baya da yawansu suka dakatar gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram ya fi samun sauƙi ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro, lissafinsa ba ya tsalle irin namu.

Amma hujjarsu mafi nauyi, a ganina, ba kuɗi ba ce. Tambaya ce: aikin da ka yi shekaru kana yi, a hannun wa yake? A Oktoban 2019 masu amfani da Adobe a Benezuwela sun samu saƙo cewa za a rufe asusunsu baki ɗaya saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Ba su yi laifin komai ba, kuma ba su fasa biya ba. Daga baya kamfanin ya samu izini ya janye, amma darasin ya shiga: kayan aikinka na iya tsayawa saboda rigimar da ba ka san farkonta ba. Ko ba takunkumi, wanda ya daina biyan Lightroom ta kwamfuta zai ci gaba da ganin hotunansa, zai iya fid da su, amma sashen gyaran ya kulle. Umarnin nan da na ce manhajar na rubutawa a gefe kuwa, da harshen Adobe aka rubuta shi. Wata manhajar ba za ta karanta shi duka ba. Gwargwadon daɗewarka a ciki, gwargwadon wahalar fitarka.

Me suke miƙawa a madadi? Akwai GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995, ita ce kishiyar Photoshop. Akwai darktable, da ta fito a 2009, da RawTherapee, su ne kishiyoyin Lightroom, kuma suna karanta RAW, suna gyara hotuna da yawa a lokaci guda, ba sa taɓa asalin hoto. Ba sa neman ka buɗe asusu, ba sa neman kati, in ka sauke su sau ɗaya ko wata nawa ka yi ba data za su buɗu. Akwai kuma waɗanda mutane ke mantawa da su alhali sun riga sun biya kuɗinsu a cikin kuɗin kyamara: Canon na bayar da Digital Photo Professional, Nikon na bayar da NX Studio. Ba su da sauri, amma ba wadda ta kai su sanin launin kyamarar gidansu. A waya kuwa ga Snapseed, wadda Google ya saya a 2012 ya sake ta kyauta.

To sai dai masu biya ba su rasa amsa ba, kuma dole a ba su gaskiyarsu. Manhajar kyauta tana karɓar nata kuɗin, da lokaci take karɓa. Wanda ya buɗe darktable karon farko zai ga maɓallai da sunayen da sai ka ce don injiniyoyi aka rubuta, kuma in ya maƙale da wuya ya samu na kusa da zai tambaya. GIMP sai a fitowarta ta uku, a Maris ɗin 2025, ta samu hanyar gyaran da ake iya warwarewa daga baya ba tare da an lalata hoto ba, abin da Photoshop ta fara samu tun 1996. Masu sa kai ne ke gina su a lokacin da suka samu sarari, ba wanda za ka riƙe in abu ya lalace ranar da kwastoma ke tsaye a kanka.

Nan ma akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin kyauta iri biyu ce. Akwai kyautar jama'a, irin su GIMP da darktable, waɗanda asirin gininsu a buɗe yake, ko waɗanda suka fara sun gaji wasu za su iya ɗauka su ci gaba. Akwai kuma kyautar kamfani, wadda ke nan muddin kamfanin na ganin amfaninta. Picasa ta Google, da mutane da yawa suka tsara hotunansu na shekaru a ciki, an yi watsi da ita a 2016. Saye sau ɗaya ma ba tabbas ba ne: Apple ya sanar da daina manhajarsa ta hoto, Aperture, a 2014, masu ita da suka biya kuɗinsu suka rasa tudun dafawa. Labarin Affinity ya haɗa duka. Kamfanin Serif na Ingila ya fito da Affinity Photo a 2015, kuma abin da ya tallata ta da shi ke nan, ka saya sau ɗaya, ba haya. Duk wanda ya gaji da Adobe can ya nufa. A 2024 kamfanin Canva ya saye Serif, a Oktoban 2025 kuma ya mai da ita kyauta ga duk wanda ya buɗe asusun Canva, ya ware kayan ƙirƙirarriyar basira ga masu biya. Manhaja ce mai ƙarfi, kuma ni dai ina ganin wanda bai gwada ta ba ya bar arziki. Amma kyautar kamfani ce, kuma sharaɗinta a hannun mai bayarwa yake.

Ƙasa da waɗannan akwai tarin ƙananan manhajojin waya masu cika fuska da talla, masu manna tambarinsu a gefen hoto sai ka biya a cire. Da yawansu ba a cikin wayarka suke aikin ba, tura hoton suke yi zuwa kwamfutocinsu a wata ƙasa su dawo maka da shi. Mai hoton da aka bari ya shiga cikin gida wurin mata ranar kamu amana aka ba shi, kuma ya kamata ya san inda hotunan nan ke kwana. Wannan damuwar ba ta bar Adobe a baya ba. A Yunin 2024 an yi ca a kansa saboda wasu sharuɗɗa da mutane suka fahimta a matsayin izinin leƙa ayyukansu, har sai da ya sake rubuta su ya bayyana cewa ba ya horar da basirarsa da kayan kwastomomi.

Akwai kuma abin da duk ɓangarorin biyu ke kawar da kai daga gare shi idan ana wannan gardama, alhali kowa ya san da shi. Photoshop ɗin da ke kan kwamfutoci da yawa a wurarenmu ba a biya ta ba. Fasassa ce, wani lokaci ma tare da kwamfutar ta hannu ake ba ka ita a matsayin gyara. Ita ce ta hana manhajojin kyauta yin saiwa, domin wa zai wahala da koyon GIMP alhali ga Photoshop a banza? Masu yi suna cewa kamfanin bai san da zamansu ba, ba abin da suka rage masa. Ban ga wannan ya wanke haƙƙin mai abu ba, amma ko an ajiye maganar haƙƙi, cinikin ba shi da riba yadda ake zato. Fasassun manhajoji sanannar ƙofa ce ta shigar da ƙwayoyin cutar kwamfuta masu satar lambobin sirri, a kan na'urar da mutum ke shiga asusun bankinsa da ita. Ba sa sabuntawa, don haka ranar da ka sayi sabuwar kyamara sai ka tarar tsohuwar manhajar ba ta san RAW ɗinta ba. Sababbin kayan da ake yi wa Adobe kwaɗayi kuma, wasunsu a kwamfutocin kamfanin suke aiki, sai da asusu na gaskiya.

Inda nake ganin ɓangarorin biyu suka yi kuskure tare shi ne, suna magana kamar buƙatar kowa ɗaya ce. Hoton yau da kullum abin da yake nema kaɗan ne: a datse gefe, a miƙe shi in ya karkace, a ƙara haske ko a rage, a daidaita launi in fitila ta mai da shi rawaya, a goge wani ɗan tabo. Duk wannan manhajar hotunan da ta zo da wayar tana yi, in ta gaza Snapseed ta ƙarasa. Wayar ma ta riga ta yi nata gyaran tun kafin ka gani. Kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno da Infinix da itel, wani ɓangare na karɓuwarsa a Afirka ya zo ne daga saita kyamarorinsa su fid da baƙar fata da kyau. Kuma ina hoton zai je? WhatsApp, wanda zai matse shi ya zubar da mafi yawan ƙananan bambance-bambancen da ake tinƙaho da su. Wanda wannan ne iyakar aikinsa, biyan wata-wata asara ce tsantsa, ko da dala tana naira ɗaya.

Mai tallan atamfa tata matsalar daban ce, kuma manhaja mai ƙarfi na iya ƙara mata ita. Abin da take so shi ne launin da ke hoto ya zama shi ne launin da ke cikin leda. In ta ƙara wa ja ƙarfi don ya ja ido, ranar da kaya suka isa Kaduna aka ga ba haka suke ba, ta yi asarar kwastoma har da ƙawayenta. Ta shimfiɗa kayan a inuwa kusa da ƙofa da safe, ta ajiye farar takarda a gefe, ta daidaita launi har takardar ta fito fara. Wannan ya fi mata duk wani abin da za ta biya.

Wannan ya kai mu ga wani gefen da ba ya cikin lissafin kuɗi. Gwargwadon ƙarfin manhaja, gwargwadon sauƙin wuce gona da iri. Mun sha ganin hoton amaryar da aka goge wa fata har ta zama kamar roba, aka haskaka ta har danginta na tambayar wace ce. Kwastomomi ne ke nema, in ji masu hoto, kuma gaskiya ne, amma albam ɗin da jikoki za su buɗe ba kakarsu ce a ciki ba. Haka manhajojin da ke cewa za su farfaɗo da tsohon hoto: inda bayanan fuska suka goge ba dawo da su suke yi ba, ƙirƙiro wasu suke yi daga fuskokin da suka koya. Inda hoto yake shaida kuwa, wasa ba ya shiga. A gasar World Press Photo ta 2015 an kori kashi ashirin cikin ɗari na waɗanda suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda taɓa hoto fiye da ƙima. A Maris ɗin 2024 manyan kamfanonin dillancin labarai sun janye hoton Kate, matar Yarima William na Birtaniya, da 'ya'yanta, bayan an gano an yi masa kwaskwarima.

Saura mai sana'a, kuma shi lissafinsa a fili yake. Ya duba abin da aiki ɗaya ke kawo masa, ya duba dararen da yake kwana a gaban kwamfuta. In biki ɗaya ko biyu za su biya hayar shekara, kuma saurin zai ba shi damar karɓar ƙarin aiki, to ya biya, kamar yadda yake sayen batir da katin ajiya ba tare da gardama ba. In bai kai nan ba, ya haƙura ya ba darktable ko Affinity ko manhajar kyamararsa makonni, ya fi masa fasassa. Kafin ya yanke shawara ya ɗauki hotuna talatin daga aiki ɗaya, ciki har da na angon nan mai farar shadda da na dina mai duhu, ya gyara su a kowacce, a kan tasa kwamfutar, domin Adobe da kansa na neman aƙalla gigabait takwas na ƙwaƙwalwar aiki, kuma tsohuwar kwamfuta na iya cinye saurin da aka biya dominsa. Duk wadda ya zaɓa, ya ajiye asalin hotunansa a wurare biyu, ya fid da waɗanda ya gama gyarawa a matsayin JPEG ko TIFF da kowace manhaja ke buɗewa, cikin jakunkuna masu kwanan wata da sunan aiki.

In kuma biyan ya zaɓa, ya karanta abin da yake sa wa hannu. Cikin tsare-tsaren Adobe akwai wanda ake cire kuɗinsa kowane wata amma alƙawarinsa na shekara ne. Wanda ya fasa bayan kwana goma sha huɗu na farko, ana cajinsa rabin abin da ya rage na shekarar. A kan wannan ne gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu a Yunin 2024, bisa zargin cewa yana ɓoye wannan tara kuma yana wahalar da mai son fita. Gwajin kyauta na kwana bakwai ma sai an saka kati, kuma in wa'adin ya cika ba a soke ba, cirewa za a fara.